Wa Ya Haifi Kakanka?

Da can, in aka zo neman aure a ƙauyukan kudancin Kano, ba mai tambayar takarda. Dattijo guda ake tashi, ya saɓa sandarsa ya nufi garin su yaron ranar kasuwa. Ya sami inuwa ya zauna, ya ɓara goro, ya ja wannan da hira, ya ja wancan. Kafin la'asar sakaliya ya san wanda ya haifi uban yaron, da kufan da suka taso, da ko akwai kuturta ko taɓin hankali a gidan, da ko an taɓa kama wani nasu da ɗan hali. Ba a sa rana sai an yi wannan binciken. A Badafi ta ƙasar Kiru, da ƙauyukan da suka miƙa ta Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, asalin mutum a bakin jama'a yake ajiye.

Ba baki kaɗai ba. Wanzami yakan zo da zabirarsa ranar suna ya yi wa jariri tsagar gidansu, ta yadda tsohuwa za ta dubi kuncin baƙo ta faɗi mutanensa tun bai gama sallama ba. A gidajen Maguzawa, waɗanda suke da yawa a wannan yanki, akwai kan gida: wannan zuriya ba ta cin damo, waccan ba ta kashe wani irin maciji, in kuwa mutum biyu suka tarar abin da suke ƙi ɗaya ne, sai su zauna su lalubo inda suka haɗu. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, ya kuma fitar da littafinsa a 1946, ya tarar da wannan tsari da ransa, zuriya tana bin uba, kowace da abin da take yi wa yanka. Ga kuma wasan taubasai. Duk shekara in watan Cika-ciki ya kama, ɗan mace da ɗan namiji sai an bi juna kuɗin shara, ana tsiya ana dariya. Yaro ɗan shekara bakwai ya san taubashinsa, ya san ta wace gwaggo ko wane kawu suka zama haka, ba tare da an zaunar da shi an karanta masa ba.

Sunaye ma suna ɗauke da nasu. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da ubansa a raye ba, Nomau da Anaruwa 'yan damina ne, Ajuji kuwa an sha binne yayyensa kafin shi. Mai kunne zai fitar da rabin tarihin ɗakin mace daga sunayen 'ya'yanta kawai.

Duk wannan ya sassauta cikin rayuwar mutum guda. An daina tsaga, kuma ban ce a dawo da ita ba. Taubasai sun watsu, wani yana Legas, wani yana Abuja, sai a waya. Amma abin da ya fi cin asali a wajenmu kunya ce. Tun rangadin musuluntarwa na Sardauna a 1963 zuwa 1965, da wa'azin da ya biyo baya har yau, gidaje da yawa sun shiga Musulunci, wasu kuma sun bi masu bishara sun shiga coci. Liman da mai bishara ba su taɓa zama sun shirya ba, amma a nan bakinsu ya zo ɗaya: a bar tsafi, a bar giya, a bar kan gida. To, a irin waɗancan zaman ne, wurin bikin mutuwa da gindin tukunyar giya bayan an tashi daga gayya, tsofaffi suke jero wa ya haifi wa. Da zaman ya mutu, jerin ya bi shi. Wanda ya tuba, ko ta wace ƙofa ya shiga, ba ya son a tuna masa sunan da ubansa ya raɗa masa.

Danginmu na wajen uba haka suka rabu uku. Kakana ya musulunta, ƙanensa da suke ciki ɗaya ya zama Kirista, babban wansu ya mutu a kan abin da ya gada. Mu jikoki muna zuwa wa juna biki da ta'aziyya, tuwon Sallah yana tsallaka danga, shinkafar Kirsimeti ma haka. Amma da aka buɗe zauren dangi a WhatsApp aka ce kowa ya kawo sunan wanda ya haifi tsofaffin nan uku, sai amsoshi suka yi ta karo da juna. Shi ya sa muka koma neman takarda.

Takardar coci a ƙasar Kano ba tsohuwa ba ce, gara mai nema ya san haka tun da wuri. A Ingila tun 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, shi ya sa Bature zai zauna gaban kwamfuta ya bi kakanninsa har ƙarni huɗu. Mu nan, sai a 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller na mishan ɗin CMS suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Turawan mulki da suka fasa ƙofar Bebeji da igwa a farkon Fabrairun 1903, kan hanyarsu ta cin Kano, su ma ba su sakar wa 'yan mishan mara a ƙasar sarakuna ba, gudun kada su ɓata shirinsu da masu sarauta. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a 1937, wanda a Kano ya zauna a Yadakunya, ta kuma kafa tashoshi a wurare irin su Garko da Karaye da Kabo da Roni. Majami'ar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Ƙananan majami'un karkara masu jinka da kujerun ƙasa akasarinsu daga baya suka zo. Ke nan littafin da ya fi kowanne tsufa a ƙauye da wuya ya wuce kakanka. Wanda ya haifi kakan, in ya shiga, ta gefe ya shiga, a gurbin sunan uba.

Gurbin nan muka je nema. Wani ɗan'uwana na ɓangaren coci ya yi min jagora wurin dattijon ikilisiyar da littafin yake hannunsa. Ba a majami'a yake ba, a ɗakin dattijon yake, cikin adaka, ƙarƙashin zannuwan matarsa.

"Baba, mun zo ne a duba mana sunan tsoho."

"Wane tsohon? Naku ko nasu?"

"Ai ɗaya ne, Baba."

Ya yi dariya ya ce ya sani, so yake ya ji ko mu mun sani.

Littafin dogon nan ne mai baƙin bango da ake rubuta lissafi a ciki. An ja layuka da hannu: suna, sunan uba, ƙauye, ranar baftisma, wanda ya yi ta. Rubutun masu bishara ne da suka koyi boko da girmansu, baƙi manya-manya, kowanne a tsaye shi kaɗai. Akwai abin da ya kamata mai nema ya riƙe a nan. ECWA da Baptis ba sa yi wa jarirai baftisma, sai mutum ya yi hankali ya furta da bakinsa a nutsar da shi a ruwa. Don haka ranar da ke littafin ba ta haihuwa ba ce. Mai ita yana iya zama ɗan sha biyar, yana iya zama mai furfura. Angalikan da Katolika su ne suke yi wa jariri, su rubuta uwa da uba da waɗanda suka tsaya masa. Wanda danginsa suke wajen Bari ta ƙasar Rogo, inda Angalikan suke da dayosis, ya fi mu sa'a ta nan.

Sai rikicin suna. A ce mutum duk ƙauye sun san shi da Tanko, ranar baftisma ya zama Bulus. Wani mai rubutun yakan sa duka biyun, Allah ya saka masa da alheri. Wani kuwa sabon kawai yake sawa, don a ganinsa tsohon ya tafi da ruwan rafi. Wansa da ya musulunta ya zama Abdullahi. Ɗan wannan Abdullahin ya shiga firamare a 1976 lokacin UPE, hedimasta ya sa shi ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunne, ya yanka masa shekara shida, ya rubuta shi da sunan garinsu a madadin na uba, yadda aka yi wa su Aminu Kano da Shehu Shagari tun da. Ga jini ɗaya a littattafai biyu, ba harafi guda da ya haɗa su. Mu Hausawa ba mu da sunan gida da ake gada. Ɗa ya ɗauki na uba, jika ya yar da na kaka. Hawa uku, an ɓace.

Akwai kuma waɗanda littafin ya bari a waje da gangan. Mai mata biyu ko uku, ko da shi ya ba da filin da aka gina majami'ar, ko da ba ya fashin sujada, yawanci ba a yi masa baftisma sai ya sallami sauran ya bar ɗaya. Manomi mai gandu, wanda matansa ne ƙarfin gidansa kuma uwayen 'ya'yansa, sau da yawa yakan ce a kai kasuwa. Sai ka ga 'ya'ya a littafi, uba babu. Ƙanen kakana yana cikin waɗannan. Sunansa bai fito a shafin baftisma ba sam. A wani ɗan ƙaramin littafi muka same shi, na baikon kaka, inda ake rubuta wanda ya kawo dami nawa na dawa. A gaban sunansa an ƙara na ubansa, don a bambanta shi da wani takwaransa da shi ma ya kawo dawa a shekarar. Albarkacin takwaran nan muka ci.

Littafin hukuma ya girmi na coci, sai dai shi ba kai yake nema ba, aljihunka yake nema. Maguzawa sun biya jiziya a zamanin sarakunan Fulani. Da Turawa suka zo aka ɗora kowa a kan haraji, malaman hakimi suna zagayawa suna rubuta magidanta da samarin da suka isa biya, unguwa-unguwa, ta hannun mai unguwa da dagaci. Abin da ya biyo baya kowa ya ji labarinsa: saurayi ya yini a rumbu ranar ƙidaya, Bafulatani ya kora rabin garke cikin dajin Falgore kafin masu jangali su iso. Wanda ya tsere wa malamin haraji ya tsere wa jikan da zai zo neman sunansa. 'Yar takardar shaidar biya kuwa mutane sun adana ta fiye da komai, don ba a tafiya cin rani ba tare da ita ba. In an dace akan tsince ta a tsohon gwangwani, da suna da gari da shekara. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi murna, kuma da gaskiyarsu. Sai dai daga nan ba wanda ya sake bin gida-gida duk shekara yana rubuta sunan talaka.

Abin da ya tsira daga takardun En'e da na Razdan yana Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna, wasu a Arewa House, wasu a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa. Rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta a kan gundumomi suna da amfani: za ka ga ƙauyuka, da yawan masu biyan haraji, Musulmi kaza, wanda ba Musulmi ba kaza, da jerin dagatai da wanda ya gaji wani. In gidanku na sarauta ne ka sami abin da kake so. In ba haka ba, kakanka yana cikin adadin, ba ya cikin sunayen. Haka Tarihin Kano ma, ya jero sarakuna tun daga Bagauda, bai san wanda ya noma dawar da suka ci ba. Takardun mishan kuwa da yawa sun haye teku, na CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila, na SIM suna Amurka. Da irinsu Shobana Shankar ta yi aiki ta rubuta littafinta a kan farkon Kiristanci a Arewa, wanda ya fito a 2014. Manomin Badafi ba shi da bizar zuwa duba sunan ubansa.

Littafin rabon gado na kotun alƙali shi ne wuri guda da hukuma take jero matan aure da 'ya'ya mata da sunayensu, tun da kowace tana da kaso. Amma a da kotu tana cire ushira, ɗaya cikin goma, saboda haka mutanen ƙauye sukan raba abinsu a gida su yi shiru.

Mata su ne babban giɓin. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan farinta, ita ma ba a kiran nata, sai "uwar wane", sai Iya, sai Inna. Jika yakan shekara ashirin yana cin tuwon kakarsa bai san sunanta na yanka ba. Su kuma matan su ne suka fi kowa riƙe asalin, domin su ake kai wa wani gida, su suka san ta inda aka ƙulla da kowa. Autar su kakana tana raye, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

"Maigida, yau ka tuna da cefane?"

"Tsohuwa, sunan babanku na zo ki faɗa min."

"Kai dai ba ka da ta-ido."

Ba ta faɗa ba. Ranar da aka haife shi ta faɗa, ta bar ni na ciro sunan da kaina, ya kuma zo daidai da na littafin baiko. Kalandarta daban ce. Ba ta san 1911 ba, ta san uwarta ta ce tana budurwa aka shimfiɗa dogo ta Dangora. Ba ta san 1914 ba, ta san babbar yunwa. Ba ta san 1918 ba, ta san annobar Marisuwa. Daga nan sai shekarar fara, sai husufin rana, sai rasuwar Sarki Alhaji, sai zuwan Sarauniya, sai canjin hannu, sai canjin kuɗi. Aikin mai nema shi ne ya ɗora wannan a kan kalandar bango: husufin 1947 ne, Sarki Abdullahi Bayero ya rasu a 1953, Sarauniya ta zo a 1956, motoci sun koma hannun dama a 1972, naira ta shigo a 1973. In ta ce an kai wance ɗaki shekarar husufi, lokacin ana goyon wane, ka sami aure da haihuwa a jimla ɗaya. Masu ƙidayar jama'a ma da irin wannan jerin suke kintatar shekarun tsofaffi.

A bakinta ne muka ji waɗanda ba littafin da ya san da su: wanda ya tafi haƙar kuza Riruwai bai dawo ba, wanda aka ɗiba aikin tilas zuwa Jos lokacin yaƙin Hitila, da wata da Ningawa suka kama tun kafin zuwan Turawa. Amma kada a ɗauka baki ba ya gyara zance. Kowane gida yana son a ce daga Gabas ya fito, ko Barebari ne, ko akwai Fulani a sama. Ba mai cewa kakansa sayo shi aka yi, alhali ƙasar nan ta cika da rinji kafin 1903, kuma bayin ba sama suka tashi ba. Da na matsa mata a kan wata kaka da kowa yake tsallakewa, sai ta ce goronta ya ƙare.

Takardar ma mutuwa take yi. Gara tana ci, ɗigar damina tana narkarwa, fasto ya sami canjin wurin aiki ya haɗa da littafin a kayansa, magada su ba mai ƙosai abin da ba su san darajarsa ba. A rikicin Tudun Wada na Satumban 2007 an ƙone majami'u, bayan rayukan da aka rasa, abin da ke cikin akwatunansu ya bi wuta. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako ta tashi ƙauyuka, kufaifai da makabartunsu suna ƙarƙashin ruwa. Duk sanda aka sake fasalin mulki kuma sai fayil ya yi ƙaura: gyaran ƙananan hukumomi na 1976, mayar da su Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ƙarƙashin masarautar Rano a 2019, da warware hakan a 2024.

Yanzu da bakin ya yi rauni, takardar ma ta yi, shi ne lokacin da aka fi tambayar asali. Makaranta, aikin soja, tallafin karatu, duk sai da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma da lambar NIN. Dokar rajistar haihuwa ta 1992 tana nan, amma wanda aka haifa a ɗaki kafin nan sai ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, shi ya sa rabin tsararmu suka zama haihuwar 1 ga Janairu. Hausawa Kiristoci, ta bakin ƙungiyarsu ta Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, sun daɗe suna kokawa cewa in aka ga Bitrus ko Rifkatu a takarda sai a fara tambayar daga wace jiha suka zo. A ganina wannan abin kunya ne, domin mai wannan suna sau da yawa kakanninsa sun riga na mai tambayar zama a wurin. A gare su tsohon katin baftisma da takardar harajin kaka hujja ce ta neman haƙƙi. Duk da haka, in ka bi takardar zuwa tushenta, daga ƙaramar hukuma zuwa hakimi, zuwa dagaci, za ka tarar a ƙarshe mai unguwa ne zaune a kan buzu yana cewa, "Na san ubansa."

Mun ɗauki hoton shafukan da waya, mun naɗi muryar tsohuwa da izininta, muka kai taron dangi da babbar takarda da aka haɗa da gam. Kowane ɓangare ya cike abin da ɗayan bai sani ba. 'Yan coci suna da ranaku, mu muna da 'yan takardun ajami da wani malami ya riƙa cusa wa a kundinsa duk sanda aka yi haihuwa, jikokin babban wan kuwa su ne suka san kufan da aka taso da kan gidan. A nan aka tsaya. Wani baffana, Alhaji ne, ya ce a rubuta sunayen Musulunci da na baftisma kawai, ba ya son jikokinsa su buɗe takarda su ga abin da aka tuba aka bari. Wani dattijo daga ɓangaren coci ya goyi bayansa, karo na farko da na ga sun yarda a kan wani abu ba musu. Matasa suka ce in an cire tsofaffin sunayen ba abin da zai haɗa rassan uku, tun da tsohon da ake taruwa dominsa bai taɓa yin wani suna ba sai wannan. Aka yi ta ja har magariba ta raba, aka ce a bar maganar sai taron baɗi in an kai amfanin gona gida.